Tirela a Akwatin Alhaji Maccido

Karo na uku ke nan kwamfutar ta ɗauke. Fankoki suka yi ta kuka kamar za su tashi sama, hoton da ke kan talabijin ya daskare, sai ɗif. Dikko ya zauna daɓas a kan tabarma da sukudireba a hannu, gumi na bin bayan wuyansa, yana kallon akwatin ƙarfen da ya zuba wa kayan kamar zai ba shi haƙuri.

"Ta sake?" in ji matarsa Zahara'u daga bakin ƙofa. Tsintar shinkafa take yi a faifai, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Hutawa taka yi."

"Allah sarki. Minti fuɗu aiki, rabin awa hutu. Wagga kwamfuta ma'aikaciyar ƙaramar hukuma ce, ta biyo mai ita."

Dikko ya ajiye sukudireba. Akawu ne a sashen noma na sakatariyar Tambuwal, kuma wata goma sha huɗu ya yi yana tara kayan kwamfutar nan ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza da tsaba. Ya bar tsire, ya bar shayin safe, har mai shayin ya aiko a duba ko lafiya. Katin hoto na hannu ya samo a Sakkwato, ƙwaƙwalwar kwamfutar kuma wani direba ne ya riƙo masa ita daga Kano, sitiyarin wasa kuwa a gwanjo ya tsinto. Da aka zo kan gidan da za a zuba kayan, aljihu ya ce shi kam ya gaji. Sai ya hau babur ya nufi Kebbe, ya aro akwatin ƙarfen da mahaifinsa ke ajiye sifanu da sauran kayan gyaran mota a ciki zamanin yana direba, ya ce takardun ofis zai adana. Sambo mai walda ya huda masa tagogi uku a jiki.

Duk wannan wahalar kuwa saboda wasa ɗaya ce, wasan tuƙin tirela. Mahaifinsa, Alhaji Maccido, ya ja babbar mota daga Sakkwato zuwa Ikko tun shekarun da kuɗin mai suka ɓarke a ƙasa. Dikko yana yaro ya sha bin motar da gudu yana kuka a tafi da shi, ba a taɓa ɗaukarsa ko zuwa Dogon Daji ba. Boko aka tura shi. Ga shi yau da shekara talatin da takwas da 'ya'ya uku, abin bai fita daga ransa ba.

Ita kuwa Zahara'u firiji mai sola take so, ta riƙa sayar da zoɓo da ƙanƙara. Sun yi yarjejeniya tun watan jiya, kuma ba da wasa ba: in aka kira la'asar ranar Asabar kwamfuta ba ta tsaya da ƙafarta ba, Dogo mai gyaran waya zai zo ya kwashe kayan, a sayo firiji. Yau ce Asabar ɗin, an kuwa daɗe da sauko azahar.

Abin da ya fi ƙona masa rai, bai ga inda ya yi kuskure ba. Shi mutum ne mai tattalin kaya. Babur ɗinsa shekara uku da saye, har yau ledar kamfani na kan kujerar. Kujerun ɗaki da ledarsu, rimot da ledarsa, ko sitiyarin gwanjon nan sai da ya nemo leda ya naɗe shi don ya yi kama da na kirki. Ba shi kaɗai ba ne a garin, ai kowa ya san leda ita ce shaidar sabon abu, amma nasa ya yi yawa. A cikin kayan kwamfutar kaf, abu ɗaya tak ya saya sabo dal a kwalinsa, wato fanka mai gindin jan ƙarfe da ke zama a kan ƙwaƙwalwa tana shanye mata zafi. Wannan kam ya ɗaura ta da hannu biyu, da bisimilla.

Yana shirin sake danna maɓalli sai ya ji sallama a zaure. Nan take ya gane muryar. Ya fizgi zanen gado ya lulluɓe akwatin.

Alhaji Maccido ne, da sandarsa da farar hularsa. Suna ya je a Dogon Daji, ya ce bari ya biyo ya ga jikoki kafin motar Kebbe ta cika. Zahara'u ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta kawo ruwa a kofin silba. Dikko ya tsuguna gefe yana jero gaisuwa, ya tambayi mutanen gida, ya tambayi shanu, ya tambayi gero, ya sake komawa kan shanu.

Tsohon bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba, kunya ba ta bari. Ya kurɓi ruwa, ya nuna gefen ɗaki da sanda.

"Kai wanga, don mi kaka ƙona mai da rana tsaka? Janareta na ta kuka a tsakar gida."

"Ɗan aikin ofis ne, Baba."

Sandar ta ɗaga gefen zanen. Kusurwar akwatin ta leƙo, da lotsewar da ta samu tun wani hatsari a hanyar Yawuri. Alhaji ya yaye zanen gaba ɗaya, ya daɗe yana kallon tagogin Sambo mai walda, da wayoyi, da fankoki.

"Innalillahi. Wa ya huda min akwati?"

Dikko ya hau sosa ƙeya. Zahara'u ce ta taimaka masa, kanta a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa cike da ladabi.

"Baba, ai tirela ce a ciki."

"Tirela?"

"Awo, Baba. Ta wasa. Sai dai ba ta kai tasha, minti fuɗu taka yi ta mutu."

Dikko ya so ƙasa ta tsage ya shige. Dole ya yi bayani, yana in'ina, tun daga katin hoto har zancen firiji da la'asar. Ya gama ya jira faɗa. Alhaji ya shafa gemu.

"Tada ta in ji," ya ce.

Dikko ya danna. Fankoki suka ɗauka, talabijin ya kawo haske. Tsohon ko kallon hoton bai yi ba. Ya matso, ya rufe ido, ya karkata kunne wajen akwatin, yadda yake yi wa jikokinsa in an ce ƙirjinsu na ƙara. Kukan fanka ya yi ta hawa, ya yi ta hawa, sai ɗif.

"Zafi ne," in ji Alhaji. "Wanga inji tafasa shika yi. Ina lagiretonsa?"

"Ba ta da lagireto, Baba, sai dai wagga fanka da ƙarfenta."

"To ai shi ne lagireto, ko Bature ya ba shi wani suna." Ya sa bayan yatsa ya taɓa ƙarfen, ya ɗan jima, ya janye. "Ka ji? Sanyi ƙalau. Inji na tafasa, lagireto na shan iska abinsa. Zafin bai isowa gare shi ke nan, akwai abin da ya shiga tsakaninsu. Na taɓa ganin haka a Kwantagora, sabuwar mota fil, wani shashashan yaro ya manta tsumma a bututun ruwa. Kwance."

"Baba, sabuwa ce fa, daga kwali na..."

"Kwance, na ce."

Dikko ya kwance kusoshi huɗun da ke riƙe da fankar, ya ɗago ta ya juya gindinta. Man toka-tokan da ya shafa tsakanin fanka da ƙwaƙwalwa don isar da zafi ya dame wurin. Alhaji ya sa farce ya kankara gefe, sai ga wani abu ya ɗago, siriri, mai sheƙi, da jan rubutu a jikinsa. Leda ce.

Dikko ya ƙura wa ledar ido.

"Mi anka rubuta nan?" in ji Alhaji. "Idona bai gani."

Dikko ya share maƙogwaro. "Cewa anka yi... a cire kafin a ɗaura."

"Ka karanta shi ran da ka ɗaura?"

"Na karanta, Baba."

"To?"

"Na ga sabuwa ce. Na ce kada jan ƙarfen ya dushe."

Zahara'u ta tashi da sauri ta fita da faifanta. Daga madafa aka jiyo wani sauti kamar an shaƙe akuya, dariya ce take ƙoƙarin dannewa da gyale.

Alhaji ya girgiza kai. "Na hana ka mota, na kai ka boko don ka iya karatu. Karatun kam ka iya, Alhamdulillahi. Jin magana ne ba a koya muku ba. Cire."

Wallahi sai da Dikko ya ji abin har cikin ransa lokacin da ledar ke ɓantarewa. Ya duba hagu ya duba dama, ya ninke ta ya jefa a aljihun gaba. Ya goge ƙarfen da gefen tsumma, ya matse ɗan man da ya rage a bututu, ya mayar da fanka ya ɗaure. Ya danna maɓalli.

Wannan karon fankokin ba su yi ihu ba, wani ɗan gurnani kawai suke yi a hankali. Minti huɗu suka wuce, goma suka wuce. Alhaji ya sake taɓa ƙarfen, ya gyaɗa kai. "Yanzu ya ɗau ɗumi. Kowa na aikinsa." Ana haka ladan ya kira la'asar. Suka bar ta a kunne suka tafi masallacin unguwa, kuma Allah Ya yafe wa Dikko, don rabin hankalinsa na gida. Da suka dawo tana nan tana gurnaninta.

Zahara'u na tsaye a ƙofa, ta harɗe hannu. "To, Malam, ka ci. Firijina ya bi ruwa."

"Bai bi ba, ɗiyata," in ji Alhaji. "In kaka ta yi zai sayo. Mai tirela guda bai rasa firiji." Ya juya ga ɗansa. "Nuna min motar."

Dikko ya ɗaure sitiyari a bakin tebur, ya ajiye abin taka birki da totur a ƙasa, ya zauna a gefen kujera, don zama sosai gaban mahaifi ba tarbiyya ba ce. Ga tirela ja a talabijin, doguwa, tana tsaye a wani fili, ana so a yi baya da ita a shigar da ita tsakanin wasu motoci biyu. Wata goma sha huɗu! Ya sa giyar baya, ya murza sitiyari dama, bodin ya tafi hagu. Ya murza hagu, bodin ya naɗe kamar wuƙar aski. Ya taka totur maimakon birki, ji kake garam, ya kwashe turken fitila.

"Subhanallahi!" Alhaji ya dafe kai. "Kashe mutane za ka yi? Tashi. Tashi, na ce!"

Ya jingine sanda, ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya zauna daram a tsakiyar kujera. Ya damƙi sitiyari, ya ji santsi, ya sa farce ya yage ledar da Dikko ya naɗa ya watsar. Ya tambayi ina giya, ina ham, aka nuna masa. Ya yi bisimilla, ya karanta addu'ar hawa abin hawa har ƙarshe, ya tura hula gaba. Ya dubi madubin hagu na cikin talabijin, ya dubi na dama. Sannan a hankali, da tafin hannu ɗaya, ya murza. Tirelar ta miƙe, ta silala da baya ta shige tsakanin motocin nan biyu, ko ƙwarzane babu.

Ya fito da ita kan titi. Hannunsa na dama sai kai wa iska cafka yake yi, yana neman sandar giyar da babu ita. Shekara ashirin da shida rabonsa da sitiyari, tun da gwiwa ta hana shi. Dikko ya leƙa fuskarsa ya ga tsohon na murmushi har ana ganin giɓinsa, idanunsa sun kawo ruwa. Bai taɓa ganin mahaifinsa haka ba. Daɗi ya kama shi, haushi ma ya kama shi, ya rasa wanda zai fara ji.

Ya bari aka yi tafiya mai nisa kafin ya ce, "Baba, motar Kebbe fa za ta tashi."

"Ta tashi. Kaya nika ɗauke da su, ban barin su a daji. Ɗiyata, a sa tuwo da ni."

"To, Baba... ni yaushe zan ɗan taɓa?"

Alhaji bai ɗauke ido daga titi ba. "Shekara uku na yi ina karen mota kafin ubangidana ya bar ni na taɓa sitiyari. Kai ko awa guda ba ka yi ba, har ka kashe fitilar gwamnati. Ji janareta can na tari. Je ka duba mai."

Dikko ya fito tsakar gida. Zahara'u ta riga shi, tana tsaye da jarkar fetur, ta miƙo masa da hannu biyu har da ɗan rusunawa.

"Sannu da aiki, yaron mota."

Dikko ya karɓi jarkar. Ya tsiyaya man, ya rufe tanki, ya tsaya kusa da babur ɗinsa yana goge hannu. Ledar kujerar ta yi rawaya, ta tsattsage, shekara uku tana ƙona masa mazaunai a rana. Ya kama bakinta da yatsu biyu, yana shawara.

Sai ham ɗin tirela ya cika gidan, har kaji suka watse.

"Kai wanga!" muryar Alhaji ta fito daga ɗaki, da ƙarfin da ba a ji ta da shi ba shekara da shekaru. "Baya nika so in yi! Ina kaka? Zo ka duba min!"

Dikko ya saki ledar. Bai san lokacin da ya zuba da gudu ba, takalmi ɗaya a ƙafa, yana ɗaga hannu tun daga bakin ƙofa.

"Taho, direba! Taho, taho, baya lafiya!"