Magulmaciyar Motar Baba

Babanmu ya tsufa a kan sitiyari, bas ya ja har ya yi ritaya, amma bel ɗin kujera bai taɓa shiga ransa ba. Cewa yake yana yamutsa masa guga, yana kuma danne masa tumbi, shi kuwa tumbin nan da guminsa ya tara shi. Da muka haɗu muka canza masa mota, sai Allah ya haɗa shi da daidai shi. Da ka fara gudu ba bel, wata 'yar jar fitila za ta kama ƙiftawa a gaban direba, sannan ƙara ta biyo baya, tin-tin-tin, ba ta gajiya ba ta jin kunya. Baba ya raɗa mata suna Magulmaciya. Fitilar na kawowa zai hau ta da faɗa, ya ce ya ji, ya ji, uwar iyayi.

Yayarmu babba nas ce, kuma a gidanmu in ta yi magana an gama. Ta daɗe da sa wa mukullin Baba ido. Ta faɗa a gaban kowa cewa ranar da ta tabbatar ido ko kunne ya fara ba shi matsala, ranar zai ajiye tuƙi. Baba ya yi dariya a lokacin, amma ni auta na san shi. In aka raba shi da mukullin nan, kujerar tsakar gida kawai ta rage masa.

Wata safiya ya ce in raka shi gareji, za a yanke wa Magulmaciya harshe. Na ce Baba ba ɗaura bel ya fi sauƙi ba? Ya kalle ni ya ce da bai san ranar da aka haife ni ba, da sai ya ce motar ce ta haife ni.

Mai gyaran wayoyin mota wani siriri ne mai tabarau ɗaure da zare, shagonsa cike da matattun batura da fitilu masu ido ɗaya. Baba ya zayyana masa buƙata, ya tafi benci wajen tsofaffin direbobi ana ta cika baki. Ni kuwa na zagaya na sami mutumin ya zura kai ƙarƙashin sitiyari. Na ce masa don Allah kada ya taɓa komai, ya dai yi ta ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe kamar mai aiki. Ya ce dama shi aikin ba ya masa daɗi, amma tsoho zai duba fitila. Na ce to ba ga baƙin salatif nan a hannunsa ba? Ya yanko ɗan ƙarami ya manne a kan fitilar, ya shafe da yatsa, ko ni da na tsaya a kai sai da na neme shi.

Shirina mai sauƙi ne. Mu hau titi, Baba yana cikin murna, ƙarar ta dawo, ya yi tsalle a kujera, ni kuma in ce ai mota ce mai taurin kai, ta yi gadon mai ita. Har na tanadi yadda zan kwaikwayi fuskarsa in mun isa gida.

Muka fito. Baba ya gyara zama, ya baje riga, ya taka mai. Ba mu wuce gidan man da ke kwana ba sai ga ta, tin-tin-tin, da ƙarfinta kamar ta huce haushin abin da aka so yi mata. Na cije leɓe, na juya ina jiran fashewa.

Baba ya leƙa inda fitilar take, ya yi murmushi har kunne.

"Kin ji ko, Auta? Tsit. Yaron nan ya iya aiki."

Na tuntsire da dariya, don na ɗauka ya gano ni ne yana ramawa. Shi ma ya taya ni, yana buga sitiyari, yana cewa yau Magulmaciya ta ga ta kanta. Ƙarar tana ta yi a tsakaninmu. Na dube shi da kyau, babu wasa ko kaɗan a idonsa. Na daina dariya.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Talabijin da yake ƙure wa murya ya ce 'yan labarai ne ba sa buɗe baki. Wayarsa da ke ta kuka a aljihu har ta gaji. Ashe duk faɗan da yake yi da Magulmaciya, fitilar yake gani, ba ƙarar yake ji ba. In rana ta haske gilashi bai ga fitilar ba, sai motar ta yi ta ihu yana zaune lafiya lau, kuma ya san wata rana Yaya na ciki hakan za ta faru. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, mutumin da ya gwammace a yi wa mota tiyata da ya ja igiya ɗaya ya ɗaura.

Ina cikin wannan muka shigo layinmu, sai ga Yaya a ƙofar gida da fararen kayanta, tana ɗaga hannu. Motarta ta ƙi tashi, tana so Baba ya kai ta asibiti. Baba har wani daɗi ya ji, zai nuna mata aikin da aka yi. Ina gani tana tahowa, na san muna hawa titi asirinsa ya tonu, kuma da hannuna.

Na matso daidai kunnensa na ce, "Baba, ɗaura bel."

Ya buɗe baki zai yi faɗa. Na sa farce na ɓare salatif ɗin, na ɗora masa a tafin hannu. Ya kalli ɗan baƙin abin, ya kalle ni.

"Tana ƙarar?" ya tambaya a hankali.

"Tun daga gidan mai."

Ya jawo bel ɗin ya zagaya tumbin da shi, ya lalubi ramin da ƙyar, don bai taɓa nemansa ba, ya danna.

Yaya ta shigo baya, ta gan shi a ɗaure tamau, ta riƙe haɓa tana tambayar wace addu'a aka yi masa. Baba ya ce shi direba ne tun ba a haife ta ba, ba sai an koya masa doka ba. Na kalli waje don kada fuskata ta ci amanarmu.

Da muka sauke ta a ƙofar asibitin, bai tayar da mota nan da nan ba. Ya tsaya yana kallon masu shiga da fita, yana murza salatif ɗin a yatsa. Can ya ce ni munafuka ce ta ƙarshe, ni da mai tabarau, kuma sai ya ja kunnenmu. Sannan ya tambaye ni ko na san wani asibitin da ake duba kunne.

Na ce ai ga shi muna ƙofarsa.

"Wani daban," ya ce. "Wanda yayarki ba ta san kowa ba."