Santimeta Casa'in

Tun da na faɗi jarrabawar BAC, sunana a gidanmu na Mayahi ya koma "wancan na kan tabarma". Ba a faɗa a gabana. Ta bayan katanga nake ji.

Sai yayana Sanda, mai koyarwa a Tasawa, ya ce a gyara wa Inna madafa, hayaƙi ya isa da idonta. Ya ce ni zan tsaya kan aikin.

"Kai da ka yi makarantar lise, nuna muna amfaninta."

Na ɗauki abin da zafi. Kwana uku ina duba hotuna a waya. Na zaɓi resho na gaz mai kai biyu, da farin karo na liƙa wa bango, da taga babba. Na zana dakalin siminti da za a ɗora reshon: santimeta casa'in daga ƙasa, yadda na gani a rubuce.

Ladan magini ya dubi takardar, ya dube ni.

"Amani, ka gwada da Inna Hindatu?"

"Na gwada da kaina."

"To. Kai ne mai boko."

Ranar da aka gama, Inna ta shafa karo ta sa albarka. Da yamma ta ɗauko tukunyar tuwon mutum goma sha huɗu, muka kama mata muka ɗora. Dakali, resho a kansa, tukunya a kan resho. Bakin tukunyar ya tsaya daidai girar Inna.

Ta yi ɗage, ba ta ga ruwa ba. Da aka zo tuƙi ta ɗaga muciya sama da kanta kamar mai kakkaɓar aduwa. Ƙanwata Nabila ta fita waje don ta yi dariyarta sosai.

"Shekara talatin a zaune nike tuƙa tuwo," in ji Inna. "Yanzu ɗana ya kai mini shi sama."

"Ki hau turmi, Inna."

"In hau mi? Turmin da nike daka abincinku? Nabila, ce ma Ladan gobe shi zo da guduma."

Jibi Sanda zai iso. Zai tarar da ɓaraguzai, kuma aikin kaɗai ke nan da aka taɓa ba ni. Na ce laifin ba na dakali ba ne. Na karɓi muciya don in nuna.

Daidai ni. Ko sunkuyawa ban yi ba. Da haushi na tuƙa, haushin BAC da na tabarma duka. Inna tana zuba gari daga ƙasa, tana ba da umarni ba ta ganin komai.

Baba ya kai loma ɗaya ya tsaya.

"Yau ba gudaji ko ɗaya. Gaz ɗin ne?"

"Gaz ɗin ne, Malam," in ji Inna. Ta juya wajen Nabila. "Koma ki ce ma Ladan shi bar gudumarshi."

Na yi murna. Sai washegari da la'asar na gane, da na ji ta daga tsakar gida: "Amani! Ruwa ya tafasa."

Sanda ya iso ran Juma'a, ya same ni da muciya, gari har gira. Ya zagaya madafa, ya ƙwanƙwasa dakali.

"Ma sha Allah. Wa ya auna wannan?"

"Shi," in ji Inna. "Daidai da shi ya auna."

Abokaina ba su sani ba tukuna. Tagar nan da na zaɓa titi take kallo. Na sa mata labule.