Kifayen Umma

Kwamfutar gidanmu ta Umma ce, kuma Umma, Allah ya ji ƙanta, ba ta iya ganin abu ta bar shi babu kwalliya. Tela ce. Talabijin da rigarsa, firji da hularsa, to ina ga fuskar kwamfuta? Kifaye na iyo a ƙasa, furanni na zubowa daga sama, kibiyar linzami kuwa malam-buɗe-littafi ce mai jan jelar taurari. Kana kunna ta fankar cikinta za ta hau gurnani. Ka danna abu, ka je ka ɗora ruwan zafi, ka dawo ka tarar tana tunani.

Tun rasuwarta Baba ya zama wani iri. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana koyar da lissafi, muryarsa har bakin titi, ya koma zaman kujera yana kallon kifayen nan. Sai ga wata makaranta mai koyarwa ta intanet tana neman malami. Suka ce ya yi darasin gwaji, in sun gamsu su ɗauke shi. Ni ba albashin ne ya dame ni ba. So nake Baba ya dawo Baba.

Da safiyar ranar gwajin na ce mu gwada. Na kira shi ta bidiyo a kwamfutar daga wayata ina tsaye a kicin. Ya ce, "Yara, ku buɗe..." sai hoton ya daskare, bakinsa a buɗe. Muryar ta iso bayan na dawo falo.

"Baba, kayan nan sun yi mata nauyi. Tsohuwa ce, an ɗora mata buhu. Bari in sauke su."

Ya dafe linzamin. "Barkono, kar ki taɓa. Haka Ummanki ta bar ta."

Barkono yake ce mini, kuma ban ci sunan a banza ba. Raina ya ɓaci, na ce, "To kifayen ne za su koyar da lissafin?" Ina rufe baki na ga idonsa ya kawo ruwa. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ja kujera na zauna kusa da shi. Wani jan kifi mai ƙaton ciki ya wuce yana rangaji. Baba ya ce, "Wannan ni ne. Ita ta ce ni ne." Dariya ta kuɓuce mini, shi ma ya murmusa.

Nan dabara ta faɗo mini. Na ce, "Baba, in na ɗauki hoton fuskar nan yadda take, na shimfiɗa shi a wurin fa? Komai na nan. Motsin ne kawai zai tsaya."

Ya daɗe yana kallo. "Ki jira nawa ya zo tsakiya."

Muka jira, ni ina ta duba agogo don lokaci na tafiya. Kifin ya zo, ga koriyar siririya a gefensa, wadda ba sai an gaya mini cewa Umma ce ba. Ya ce, "Yanzu!" Na danna. Sannan na kashe kayan ɗaya bayan ɗaya, na shimfiɗa hoton. Fanka ta yi tsit. Baba ya taɓa linzami, kibiya ta ruga kamar an kore ta.

"Kai! Ashe tana da gudu!"

Da lokaci ya yi na koma kicin na kasa kunne. Farko muryarsa na rawa. Can wata yarinya ta ba da amsa a karkace, sai na ji ya buga tebur: "A'a, 'yata, sake dubawa! Ina kika kai ragowar?" Muryar nan ce, ta da, mai kaiwa bakin titi. Na zauna kan bokiti na sha kukana, na daɗi.

Da ya gama ya leƙo, gumi a goshinsa.

"Sun ɗauke ka?"

"Sun ce za su kira. Amma yarinyar nan ba ta gane rabawa ba, kuma ba laifinta ba ne, ba a koya mata daidai ba." Ya waiga falo. "Ina kika kai littattafaina? Sauko mini da su, in shirya na gobe."