Mai Gadin Ƙwai

A hawa na biyar Rilwanu ya dire bokitin, ya dafa bango yana haki. Ruwa ya jiƙa masa ƙafar wando, kifin da ke ciki kuwa sai dukan roba yake da jela. Saura hawa biyu, ga shi wanda ya gina gidan nan bai yi tunanin gwiwar kowa ba.

Rilwanu ɗan kasuwar Kwari ne, sarin kaya ya zaunar da shi a Guangzhou. Abin da ya iya shi ne yawon kasuwar Shahe da ja-in-ja da masu shago, bai taɓa riƙe fatsa ba sai yau. Masuncin shi ne maƙwabcinsa, Baba Mas'udu, Basarken Yauri da ya shekara shida a nan yana ɗaure wa 'yan kasuwa kaya. Takardunsa sun ƙare tuntuni, in ya je gida ba dawowa, shi ya sa bai je ba. Duk watan huɗu, in ruwa ya fara ɗumi, yakan tafi wani dam a arewacin gari ya wuni yana kamun wani kifi mai ƙaton baki da ya raɗa wa suna ƙanen giwan ruwa. Bana ciwon hanta ya kwantar da shi. Asibiti sun sallamo shi, kowa kuma ya san irin sallamar.

Kwana shida ke nan ba ya cin komai. Jiya yana kallon taga ya ce, "Yanzu haka kifayen nan sun fito gefen ruwa." Rilwanu ya ɗauka kwaɗayin farfesu ne, sai ya sungumi fatsar tsohon ya hau mota.

Ya tura ƙofa da sallama. Ɗakin na warin magani da danshi, fanka na ta juya zafi.

"Baba, tashi ka ga aikin ɗan birni. Jifa ɗaya!"

Baba Mas'udu ya yunƙura da kyar ya leƙa bokitin. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya zura hannu, hannun da ya koma kamar kara, ya ɗago jelar kifin. Gefenta a goge yake, ya yi ja.

"Ina ka same shi?"

"Gindin bishiyar nan da ta faɗa ruwa, inda kake zama. Ruwan bai kai gwiwa ba. Yana tsaye kan wani ɗan rami, na kore shi ya dawo, na sake kora ya dawo."

"Kai, Rilwanu." Tsohon ya koma ya kwanta. "Ba yunwa ta sa ya cafki ƙugiyarka ba. Uba ne. Da jelar nan ya share ramin, ƙwai ne a ciki yake gadi. Mu ba ma ɗaukar mai gadi."

"To ai an riga an ɗauko, Baba. Ka sha romo ko cokali biyu ne."

"Ka mayar da shi."

Ran Rilwanu ya ɓaci, ba zai ɓoye ba. Mota biyu ya hau da babur, awa biyu da rabi zuwa, haka dawowa. Mai gadin dam ma sai da ya yi ta ce masa "meyo, meyo" wato "babu", kafin ya bar shi ya shiga. Gobe kuma akwai lodin kwantena.

"Haba Baba, kifi ne fa."

"Ƙananan kifaye na nan kewaye suna jira. Wuni ɗaya ya ishe su." Ya rufe ido. "Ɗiyata Fasuma wata huɗu gare ta da na taho. An ce yanzu ita ke kai wa uwarta niƙa. Ka mayar da shi, don Allah, inda ka ɗauko shi."

Rilwanu ya ce to. Ya fito da bokitin, ya dubi matakalar nan, ya ga ba zai iya sake sauka yau ba. Sai ya shiga ɗakinsa, ya juye kifin a bahon wanki cikin banɗaki, ya bar famfo na ɗiga. A ransa ya ce jibi, in an gama lodi.

Washegari da la'asar ya shigo wa tsohon da kunu.

"Ka mayar?"

"Na mayar, Baba. Da sassafe."

"Ya koma kan ramin?"

"Ya koma."

Bangon da ke tsakanin ɗakunansu ba kauri gare shi ba, ko tari mutum ya yi sai an ji. Ana cikin haka sai ga ƙarar ruwa daga can ɗaya gefen, facal, sau biyu. Rilwanu ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi, kunya kamar ya nutse.

"Ka gaji, na sani," in ji tsohon, ba faɗa a muryarsa. "Duk mun gaji. Ka dai riƙa canja masa ruwa."

Ya karɓi kunu cokali uku, abin da bai yi ba duk makon.

Da hantsin Talata Baba Mas'udu ya cika. Izzuddeen, ɗalibin likita da ke leƙo shi, shi ya rufe masa ido ya kira Rilwanu a waya, ya same shi tsakiyar lodin da ya shiga kwana na biyu. Aka kai gawa asibiti, limamin masallacin Huaisheng ya ce sai takardu sun fito za a sa ranar jana'iza, wataƙila Juma'a. Ba abin da ya rage a yi sai jira.

Laraba Rilwanu ya sauko da bokitin hawa bakwai. A mota wata tsohuwa ta leƙa ta tambaye shi ko na sayarwa ne, ya girgiza kai. Mai gadin dam ya gane shi, ya dubi bokitin, ya dubi fuskarsa, ya buɗe ƙofa bai ce meyo ba.

An yi yayyafi, laka ta kama masa takalmi. Ya naɗe wando ya shiga ruwan gindin bishiyar. Ramin na nan, faɗin faranti, tsakuwarsa fes, ba ko ƙwai ɗaya. Wasu 'yan mitsi-mitsin kifaye suka watse da suka ga inuwarsa.

Ya karkata bokitin a hankali. Kifin ya ɗan kwanta ta gefe, har Rilwanu ya ce ya mutu. Can ya miƙe, ya yi kewaye ɗaya, ya dawo daidai kan ramin ya tsaya. Wani ɗan kifi ya matso, ya kai masa cafka ya kore shi, ya sake dawowa wurinsa yana kaɗa jela a kan tsakuwar.

Rilwanu ya kife bokitin a bakin ruwa ya zauna a kai. Yayyafin ya dawo, bai tashi ba.