Saƙon Kan Hanya

Shekara bakwai na yi ina raba tebur da Maitama a sashen Hausa na gidan rediyonmu a Washington, kuma shekara bakwai na yi ina shan karatun Hanya Mai Lamba 66. Ko gaisuwa ka yi masa sai ka ji an buɗe ta a 1926, ta tashi daga Chicago ta dire bakin teku a Santa Monica, jiha takwas, mil dubu biyu da ɗari huɗu da 'yan kai. Ya san labarin manoman da fari ya kora suka bi ta da katifu a kan mota. Ranar da yake ba mu labarin yadda aka soke lambarta a 1985, sai da na kusa yi masa ta'aziyya. Taswirarta na manne a bangon falonsa a Hyattsville.

A 2013 kwantiraginsa ya ƙare. Saura wata guda ya koma Kano ɗungurungum, yana da hutun sati biyu a hannu. In bai bi hanyar nan yanzu ba, to shi da ita har abada. Ya yi hayar mota, ya sayi hular kaboyi.

Na ce masa, "Maitama, don Allah ka fice shiru."

Ya ce, "Haba! Tafiyar sati biyu ban yi wa manya sallama ba? Me za a ce da ni?"

Ya fara da gidan Malam Yusha'u, dattijonmu na Fort Washington. Malam ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, sannan ya ce, "Af, tunda ƙasar za ka ratsa, ga ɗan kilishi ka miƙa wa Umaru a Atlanta. Ai kan hanyarka ne."

Atlanta tana kudu, Chicago tana can arewa maso yamma. Maitama, mai taswira a ka, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Malam."

Kafin la'asar labari ya zaga. Constance, nas ɗin nan 'yar Jos da ke Largo, ta kawo kula cike da acca da busasshen kifi na yayarta a Houston. Wani ya kawo keken ɗinki a kai wa wata mata a Dallas. Duk wanda ya zo sai ya ce abin ba nauyi, kuma duk Maitama ya ce ba komai.

A Atlanta Umaru ya rantse baƙon Malam ba zai tafi bai kwana biyu ba, ya kuma haɗo shi da wani saƙon. A Houston an yi masa tuwo, aka kai shi gaishe da mai jego. Mai keken ɗinki kuwa ashe ta tashi daga Dallas ta koma Minneapolis tun bara, ba wanda ya tuna ya faɗa.

Ranar kwana na goma sha biyu ya shiga Chicago. Ya tsaya gindin allon da ke nuna farkon hanyar, ya sa hular kaboyinsa, wata Baturiya ta ɗauke shi hoto tana yi masa fatan alheri. Ya bi titin ya wuce danja uku, ya juya kan mota, don ranar Litinin masu ba da haya ke jiran ta. Hoton yana wayata. Murmushin da ke ciki, wallahi, tausayi yake ba ni.

Ana gobe zai tashi na je taya su ɗaure kaya. Falo cike da mutane, kowa da ƙullinsa na Kano. Malam Yusha'u yana ta yabo: "Yaron kirki, saƙo ko ɗaya bai ɓata ba."

Sai ga matarsa Hafiza da kwalbar turaren wata Hajiya, tana neman abin naɗewa kada ta fashe a jirgi. Jaridu sun ƙare. Ta dubi bango, ta dubi mijinta.

Maitama ya tashi da kansa ya ɓalle taswirar, ya miƙa mata.

Ya ce, "Ninka ta biyu. Takardar tana da ƙwari, ba a taɓa amfani da ita ba."