Ragon da Ba a Kiran Sunansa

Sunan surukin Togjan Koshkarbai. Ni na faɗa, don ba ɗansa nake aure ba. Ita kuwa tun ranar da aka yaye mata lulluɓi a gidansu da ke Almaty sunan ya haramta a bakinta, shi da duk kalmar da ta yi kama da shi, kamar yadda ya haramta ga kowace surukar kirki. To, a yarensu koshkar dai rago ne. Don haka idan ta je wurin mahauci sai ta ce a yanko mata cinyar mijin tunkiya, idan Babbar Sallah ta zo ta ce an sayo mai ƙaho. Ba ta taɓa yin tuntuɓen harshe a gida ba, har ƙannen tsohon mata suna ba da misali da ita.

Da sun san abin da take yi ranar Asabar da sun haɗiye misalinsu.

A barandar gidan, wadda aka rufe da gilashi, Togjan take da ɗan teburinta: fitila mai lanƙwasa wuya, kwalaben fenti, da burusai masu tsini kamar gashin ido. Idan ta taso daga kemis ɗin da take aiki, ta sallami kowa da abinci, nan take zama ta yi wa rundunarta kwalliya. Tumaki ne na roba, kowace ba ta wuce babban yatsa ba, ga kumatu ga sulke, mashinsu kamar tsinken sakace, garkuwarsu murfin tukunya. Sai ta ɓata yamma guda tana sa wa tunkiya ɗaya ja-ja a kunci. Shugaban rundunar rago ne, sunan da aka san shi da shi a wasan kuwa Koshkar. Tun tana budurwa take da shi, toka-toka, babu wani armashi. Bayan ta kwana biyu a gidan miji sai ta kankare shi tas, ta sake masa fenti. Ya fito da farar gira buzu-buzu, da hanci kamar dankali, da ɗaurarriyar fuska, da haƙorin zinariya guda a gefen baki.

Ranar Asabar take zuba su a akwati ta tafi ɗakin wasa da ke ƙarƙashin wani gidan burodi. Can ake shimfiɗa tebur mai tsaunukan kwali da kogin fenti, kowa ya jera mayaƙansa, a auna tafiya da tef, a jefa 'ya'yan lido a ga wa ya kashe wa. Kuma akwai dokar da alƙalin wasa Oleg Pak ya kafa tun ranar da wasu ƙarti biyu suka shaƙe juna a kan wace kaza ce ta motsa: duk mayaƙin da za ka motsa, sai ka kira sunansa da ƙarfi kowa ya ji. Saboda haka duk mako Togjan takan cika ƙirji da iska ta ce, "Koshkar! Tunkuyi wancan!" Daɗin da take ji a wannan kira, Allah kaɗai ya sani.

Mutum ɗaya ne daga gidan ya san wannan, Elaman ƙanin mijinta, likitan haƙori, mai rundunar kwaɗi masu hular saƙa. Shi ma ba ta kiran sunansa. Ango Gobe ta raɗa masa, don kullum aurensa gobe ne. Ya riƙe mata sirri, amma ragon nan ya sha jefa masa kwaɗi a kogi, ga shi su biyun ne suka kai wasan ƙarshe na bana. Zuciyarsa ta raya masa tsiya.

Ranar Juma'a ana shan shayi. Togjan na gefen samowar, tukunyar shayin tagulla da ta goge har tana ɗaukar ido, tana zuba wa tsohon kaɗan-kaɗan a ƙoƙo, idonta a ƙasa. Mijinta Meirjan yana wurin aiki a wani gari.

"Baba," in ji Elaman yana tauna, "ka san gobe surukarka za ta yi yaƙi?"

Tsohon ya ɗaga gira ɗaya. Tsohon direban jirgin ƙasa ne, tun rasuwar matarsa maganarsa ta koma kamar ta tashar da jirgi ba ya tsayawa.

"Wasan 'yartsanan nan?"

"Shi fa. Ka zo ka gani mana, kullum kana zaune."

"Zan zo," in ji Koshkarbai. "In ga abin da ya hana ni shuka tumatir a barandata. Kelin, surukata, idan na tarar shirme ne, fitar Asabar ta ƙare, teburin nan kuma ya sauka."

"To, Ata," in ji Togjan, don haka suruka ke kiran uban mijinta. Ta miƙa wa Elaman ƙoƙonsa cike fal har yana zuba, wato sha ka tashi ka ba mu wuri. Ya karɓa yana murmushi.

Ta san maganar tsohon ba ta dawowa, ta kuma san Meirjan ba zai ja da ubansa ba. Tsoro ya kama ta sosai. Ta yi tunanin barin ragon a gida, amma an riga an san rundunar kowa, ba a canzawa.

Washegari tsohon ya sauko matakalar ɗakin wasan da kwat ɗinsa na zuwa biki. Samari masu gemu da 'yan mata masu shuɗin gashi suka miƙe suka gaishe shi, aka ba shi kujera daidai bayan Togjan. Ya dafa sandarsa ya zauna yana shaƙar ƙamshin burodi.

Aka fara. Tumaki suka gangaro daga tsauni, kwaɗi suka yi kwanto a bakin gada. Da farko lafiya lau, don ƙananan tumakin sunayensu ba na kowa ba ne. Sai aka zo inda dole shugaba ya shiga. Togjan ta sa yatsa a kan ragon, ta yi gyaran murya.

"Mai ƙaho zai haye gada."

"Wa?" in ji Elaman, ya sa hannu a kunne. "Alƙali, ka ji suna?"

"Ban ji ba," in ji Oleg.

"Mijin tunkiya."

"Jenge, matar yayana, tumakinki da yawa. Mijin wacce?"

"Shugaban runduna! Wannan da yatsana ke kai, makaho ma ya gan shi!"

Oleg ya gyara tabarau. Mutum ne da ko uwarsa ce ta motsa kaza ba suna sai ya mayar da ita. "Togjan, kin san doka. Duk mako ke kika fi kowa ƙarfin murya a kan sunan nan, har masu burodi sun taɓa kawo ƙara. Yau me ya faru?"

Da ƙasa za ta tsage da ta shige. Ba ta waiwaya ba, amma ta ji kujerar bayanta ta yi ƙara. Ta ɗauke yatsanta, damarta ta wuce. Kwaɗi suka yi ruwan kibau, tunkiya mai jan kunci ta faɗi, mai murfin tukunya ta bi ta. Zagaye ya dawo, ragon yana tsaye a gindin tsauni kamar an dasa shi.

"Wanda ake yankawa da Sallah," ta gwada.

"Saniya?" in ji Elaman. "Raƙumi? Haba Jenge, kalma ɗaya ce fa. Ki faɗa kawai, ai duk gida ne."

"Allah ya haɗa ka da matar da za ta fi ka baki, Ango Gobe."

"Amin. Na ci tunkiya ta uku."

Tsohon ya buga sanda a ƙasa. "Kai, ɗan saurayi mai tabarau. Me ya hana wancan motsi? Gurgu ne?"

"Sai ta kira sunansa, Baba."

"To mene ne sunan nasa?"

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin injin kwaɓa fulawa a sama. Oleg ya dubi Togjan, ya dubi tsohon, sai a sannan ya tuna sunan da aka gaya masa a bakin ƙofa. Kunnuwansa suka yi ja.

Koshkarbai ya miƙa hannu ta kan kafaɗarta ya ɗauki ragon. A ɗakin nan ba a taɓa mayaƙin wani, amma babu wanda ya yi tari. Ya zaro gilashin karatu, ya kawo ragon dab da hancinsa. Gira ta dubi gira. Ya juya shi hagu, ya juya shi dama, ya daɗe a kan haƙorin. Togjan ta rufe ido, tana yi wa fitilarta da burusanta ban kwana a zuci. Elaman kansa ya daina murmushi, don bai taɓa lura da fuskar ragon da kyau ba sai yanzu, ya gane ramin da ya haƙa ya fi yadda ya nufa zurfi.

Tsohon ya mayar da ragon daidai inda ya ɗauke shi.

"Dokar taku ta ce bakin wa zai kira?"

Oleg ya yi tunani. "Ba ta ce ba."

"Kelin, wa za a tunkuya?"

Ta nuna da yatsa.

"Koshkar!" Muryar da ta saba tsawa a kan ƙarar jirgi ce, har kwalaben fenti suka girgiza a kan kanta. "Haye gadar nan ka tunkuyi wancan mai hular!"

"Baba, wannan maguɗi ne!" in ji Elaman.

"Rufe min baki. Kai ka gayyato ni."

Togjan ta jefa 'ya'yan lido. Ragon ya haye, kwaɗo ya faɗa kogi. Daga nan ita ke nuni, tsohon ke kira. Ya cire kwat ya rataye a kujera. Da lido ya ƙi ba su, sai ya zagi ragon da sunansa, ya ce tun yana yaro haka yake da taurin kai. Da sarkin kwaɗi ya bi sauran cikin ruwa, tsohon ya ɗaga sanda sama, masu burodi suka leƙo su ga ko gobara ce.

Amma da aka tashi bai ce da ita komai ba. Tana zuba tumaki a akwati, ya ɗauke ragon ya jefa a aljihun ƙirjinsa. A motar Elaman suka koma gida. Nasarar ta fita ran Togjan. Ihu a gaban mutane daban, abin da zai biyo baya a gida daban, ta kuwa san ta yi wa dattijo ba'a da burushi.

Da la'asar ta kawo shayi, ta zauna a gefen samowar ta sunkuyar da kai. Tsohon ya fito da ragon ya tsayar da shi a tsakiyar tebur, tsakanin zuma da soyayyen ƙullun fulawa.

"Haƙorin nan a dama kika sa shi," ya ce. "Nawa a hagu yake."

"A hagu yake," in ji Elaman a hankali. "Ni na sa masa."

"Ba da kai nake ba. Kelin, wadda ta ƙirga gashin gira ɗaya-ɗaya, yaya ta ɓata hagu da dama?"

Togjan ta nuna jikin samowar. "A nan nake ganinku, Ata. Idan ina zuba shayi."

Tsohon ya sunkuyo ya leƙa jikin tagullar. Wani mutum ya leƙo shi daga ciki, goshi ɗan mitsitsi, hanci ya cika fuska. Ya yage baki, haƙorin ya ƙyalla a ɓangaren da ba nasa ba. Dariya ta taso masa, amma ba ta fito ba. Ya daɗe yana kallon mutumin.

"Tun da kika zo gidan nan," ya ce, "a jikin tukunya kike ganina?"

"Haka aka koya min, Ata."

"An koya miki daidai." Ya sa hannu biyu ya ture samowar gefe, da zafinta da komai. "Ita ma marigayiya matata sai da ta shekara tana magana da takalman babana. Sunan dai ki ci gaba da riƙe shi, ga bakina nan duk Asabar. Amma ban yarda a kai ni gaban jama'a da haƙori a dama ba. Ɗago ki dube ni, 'yata. Ki duba da kyau ki gyara."

Bai taɓa ce mata 'yata ba. Ta ɗago, idonta ya cika da hawaye, sai da ta share kafin ta gan shi sosai. Ashe idanunsa ba na faɗa ba ne, na gajiya ne. Ya yage mata baki kamar mai jiran likita, har ta kasa riƙe dariya.

Tumatir dai a tagar kicin aka shuka shi. Togjan ta kankare haƙorin ta mayar da shi hagu, ta ɗan sassauta wa ragon ido. Hancin kuwa ta dube shi a fili, ta dubi na ragon, ta ga samowar ba ta yi wata ƙarya mai yawa ba, ta bar shi yadda yake.