An Rufe Layin Bawa Mai Igiya

Bayan sallar isha'i na ji muryar mace a gidan Bawa, kuma ba muryar matarsa Adda ba ce. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ruwan bara ya ci kanta, har tarin juna muna ji. Macen ta yi magana, ta yi shiru, ta sake faɗin abin da ta faɗa, ba ta ɗaga murya ba, ba ta sauke ba. Abin da ya tsaya mini shi ne ban ji ta ja numfashi ba. Ni kuwa irin wannan shi ke hana ni zama. Tun ina yaro nake tsintar abin da mutane ke tsallakewa, dutse mai huda a tsakiya, ƙwan da ya zo babu gwaiduwa. Har a gari ake cewa da tsuntsaye nake hira. Na sa takalmi na zagaya.

Na same shi a zaure bisa tabarma, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa, waya na tafin hannunsa.

"Ɗantala, zo ka ji wagga mata. Kai ka yi boko."

"Aji huɗu na yi, Bawa."

"Ya isa. Saurara."

Ya danna. Macen ta yi Turanci, sannan ta juya Hausa. Ta ce an dakatar da wannan layi, mai shi ya je ofis mafi kusa.

"Mi na yi mata?" in ji Bawa.

Na ce ban sani ba. Ya sake dannawa. Na zauna muka saurare ta tare, ina tunanin ko a wane ɗaki take zaune, ko ta ci tuwon dare.

Bawa mutumin wani ƙauye ne a bayan Gidan Goga, ƙasar Maradun. Shekarar da 'yan bindiga suka kore masa shanu ya kwaso Adda suka zo Talata Mafara, suka kama gidan da ke jikin nawa. Igiya yake tufkawa, ranar Talata ya kai kara, kasuwar dabbobi, ya sayar wa masu su. 'Yarsu ɗaya ce ta rayu, Husaina, tana aure can ƙauyen. Ba ta da waya. Garin ma babu sabis sai an hau wani dutse da ke bayansa. Duk Juma'a, idan maza sun tafi masallaci, takan hau dutsen nan, ta ari wayar duk wanda ta tarar, ta buga lambar ubanta. Ita kaɗai ce lambar da ta haddace a duniya. A kiran ƙarshe ta ce musu cikinta ya tsufa, hawan dutsen ya fara yi mata wuya.

Da safe Tijjani mai cajin waya ya ɗauki Bawa a babur, ni na bi su a ƙafa. Ofishin kamfanin wayar cike yake. Da layi ya zo kanmu muka sami wata yarinya mai farin gilashi, Nazifa, 'yar Bakura ce, na san kakanta. Ta gaishe mu gaisuwa mai kyau, ta ba Bawa kujerarta, ta duba kwamfuta. Ta daɗe tana dubawa.

"Baba, ba mu muka rufe ba," ta ce. "Na'ura ce."

"Wace na'ura?"

"Wadda ke lura da kiraye-kiraye saboda matsalar tsaro. Idan ta ga layi guda a cikin gari ana ta kiransa daga daji, kullum da sabuwar lamba, sai ta rufe shi da kanta."

"Ɗiyata ce. Aron waya takan yi."

"Na yarda, Baba. Amma wurin da take kira, su ma mutanen dajin can suke hawa su yi waya. Ita na'urar duk kallo ɗaya take yi wa wanda ya kira daga nan."

Bawa ya gyara hularsa. "To ta ji abin da muke cewa? Gaisuwa ce, sai uwarta ta tambaye ta ko tana cin abinci."

"Ba ta jin magana. Wa ya kira, daga ina, shi ke nan abin da take dubawa."

Ni na tambaye ta ko na'urar tana da ido. Ta ce a'a. Kunne fa? Ta ce shi ma babu. Na yi ta juya wannan a raina, halitta babu ido babu kunne, amma ta san Bawa.

"Ki buɗe mishi mana, Nazifa," in ji Tijjani. "Ga maɓalli nan gabanki."

"Wallahi ba ni da iko. Ko manajanmu ba shi da shi. Akwai kwamitin da gwamnati ta kafa, su ke duba abin da na'urar ta yanke. Zan tura musu koke, mutum zai duba da idonsa."

"Yaushe?"

Ta ce ana bin layi ne, kuma na wannan yankin sun yi yawa. Ta ce in yana so ya sayi sabon layi da sunan Adda.

"Ita Husaina ta san sabon?" in ji Bawa.

Nazifa ta sunkuyar da kai ta ci gaba da danne-danne.

Ba a asirce aka yi maganar nan ba, akwai mutane a bayanmu. Kafin la'asar labari ya riga mu isa unguwa, kuma ya canza kama a hanya. Aka ce gwamnati ta gano layin Bawa a cikin na infoma, masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Ba wanda ya faɗa masa a fuska. A masallaci dai na ga wanda ke tsayawa kusa da shi ya bar tazarar da akuya za ta wuce. Ranar Talata ya dawo da igiyoyinsa kamar yadda ya tafi da su. Ya rataye su a ƙusa.

Juma'a ta zo. Adda ta kai wayar caji tun da hantsi, ta karɓo, ta ajiye bisa faifai a tsakar gida. Muka dawo masallaci muka zauna. Wayar ba ta yi ƙara ba. Da inuwa ta kai gindin randa Adda ta ɗauke ta ta shiga ɗaki.

Na ce mu aika da saƙo. Na je tashar Maradun na sami wani direba da ke shiga wajen Gidan Goga idan hanya ta yi sauƙi. Muka gaisa, ya tambayi iyali. Da na ambaci sunan Bawa sai ya dubi bayansa.

"Malam Ɗantala, ina da 'ya'ya. Saƙon wanga mutum, zuwa cikin daji? In an tare ni a shinge in ce mi?"

"Ka ce uba ne ke neman ɗiyarshi."

"Kai dai ka yi ta hira da tsuntsaye. Allah shi ba shi lahiya."

Sai na tuna lambobin da Husaina ta yi ta kira da su suna nan cikin wayar. Tijjani ya fito mana da su, amma ya ce ba da wayarsa ba, da ita yake ci. Na ce a yi da tawa, ba mai kirana sai mai neman aron tsani. Juma'ar da ta biyo muka zauna a zaure muna bugawa ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu ba su shiga ba. Ɗaya ta shiga, wata mata ta ce ta bar garin tun kafin girbi, tana Maradun, ba ta san halin da kowa ke ciki ba. Wata kuma namiji ya ɗauka, ana jin iska da ƙarar babura a bayansa.

"Wane ne?"

Na ce Husaina muke nema, matar wane.

"Wa ya ba ka lambag ga?"

Tijjani ya fizge wayar ya kashe. "Baba Ɗantala, kai ma sai sun rufe ka."

Na ce to. Daren nan na danna wayata in ji ko macen ta zo gare ni. Ba ta zo ba.

Kumburin Bawa ya bar ƙafa ya hau ciki. An kai shi asibiti, suka ce zuciya ce, suka ba da ƙwayoyi, suka ce a rage gishiri. Ya daina fita zaure. Adda ta shimfiɗa masa katifa a bakin ƙofar ɗaki inda iska ke shigowa, ni nakan zauna bisa turmin da aka kifa. Kwanciya ba ta yi masa, sai an jingina shi da buhun gero. Masu zuwa dubiya ba su da yawa. Liman ya zo, ya yi addu'a, bai daɗe ba.

Na koma wurin Nazifa. Ta gane ni tun daga ƙofa, ta duba, ta ce koken ya isa, yana jiran a duba. Na ce mutumin ba shi da lokaci. Ta ce ta rubuta haka, ta sake rubutawa. Ta ce akwai wani daga Birnin Tudu da aka buɗe wa nasa, amma shi tun damina ya kawo kuka. Ta raka ni har bakin titi, ta ce in gaida Baba.

Da na gaya masa sai ya ce, "Yarinyar kirki ce."

Wata rana da yamma ya ce, "Ɗantala, kai da ka san abubuwan banza. An ce tagwaye suna jin abu a jikinsu."

"An ce."

"Ko da ɗayar ta rasu tun tana jinjira?"

Na ce ban ji an ware ba. Na ba shi labarin wasu tagwaye a Garbadu da aka ce kunama ba ta harbinsu, da wata da takan san baƙo na tafe tun bai baro gida ba. Ya saurara ido a rufe.

"To ƙila ta sani," ya ce. "Ni ba wata magana gare ni ba. In ji ta sauka lahiya. In ce ta yahe mini. Shi ke nan."

Adda tana tankaɗe a gefe. "Za ka ji ta, Malam. Bari wagga magana."

"Tana can tana cewa mun ƙi ɗauka."

"Ba ta cewa haka."

"Ko ta ce mun mutu."

Adda ta ci gaba da tankaɗe, garin ya riga ya ƙare a rariyar.

Ranar Alhamis da hantsi Adda ta leƙo ta kan katanga ta ce in zo. Na tarar numfashinsa yana fita da ƙyar, kamar ana jan guga mai nauyi. Na riƙe hannunsa, tafin duk kanta, na yi ta maimaita masa kalmar shahada. Ya bi ni sau ɗaya a fili, daga nan leɓɓansa kawai ke motsi. Wata kaza ta shigo ta tsaya tana kallonmu da ido ɗaya. Can na lura hannun ya yi nauyi. Adda ta ce, "Ya tahi?" Na ce ya tafi. Ta yi salati, ta shafa masa ido, ta je ta ɗora ruwa a wuta.

Ban ji komai a raina ba. Na tsaya ina kallon wata tururuwa tana jan ƙwayar gero a gefen katifar, har ta shige da ita rami.

An yi masa sutura kafin azahar. Mutane sun fito fiye da yadda na zata, har da wanda ke barin tazara a sahu, shi ya kama gaban makara. Aka kai shi, aka dawo, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Washegari ma muka zauna karɓar gaisuwa. Bayan an sauko Juma'a mutane suka ɗan taru, aka yi addu'a, aka shafa, suka watse. Muka rage ni da Tijjani da liman da wasu dattawa biyu na unguwa. Daga cikin gida ana jin mata suna yi wa Adda gaisuwa ƙasa-ƙasa. Rana ta karkata, inuwar katanga ta fara hawa tabarma. Tijjani ya ciro wayarsa ya duba lokaci, ya mayar aljihu, ya dubi gabas ta saman rufin gidaje.

"Yanzu haka tana bisa dutsen, ko?" ya ce.

Liman ya ci gaba da jan carbi. Ɗaya daga cikin dattawan ya janye takalmansa daga rana, ya jera su a gefen tabarma.